Magajin Gari: Ikonsa, Iyakarsa Da Nauyin Da Ke Wuyansa

A tsarin mulki na zamani babu wani jami'i da talaka yake cin karo da aikinsa a kullum kamar magajin gari, domin takardar haihuwar jariri, da rumfar kasuwa, da kwatar da ke bi ta ƙofar gida, da ginin makarantar firamare, da filin maƙabarta, duk suna ratsawa ta ofishinsa. Sunan kansa tsoho ne a ƙasar Hausa, inda Magajin Gari yake ɗaya daga cikin manyan sarautun Sakkwato da Katsina da Zazzau, kuma ita ce sarautar da Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya riƙe kafin a naɗa shi sarki a shekarar 2020. Da mulkin zamani ya zo, sai aka ari wannan suna aka laƙaba wa zaɓaɓɓen shugaban hukumar gari, wanda ikonsa yake fitowa daga ƙuri'ar jama'a da rubutacciyar doka. Tsarin Faransa shi ne mafi dacewa a duba domin a gane wannan muƙami, saboda a can ne aka fi zayyana ayyukansa dalla-dalla, kuma shi ne Jamhuriyar Nijar ta gada ta gina nata a kai.

Asalin muƙamin da yadda ake hawansa

A watan Disamba na shekarar 1789, a tsakiyar juyin juya halin Faransa, majalisar ƙasa ta zartar da dokar da ta mayar da kowane birni da kowane ƙauye hukuma mai cin gashin kanta, wadda ake kira kwamin, wato ƙaramar hukumar da babu wata a ƙarƙashinta. Dokar ranar 5 ga Afrilu, 1884 ce ta daidaita tsarin da ake bi har yau: jama'a su zaɓi majalisar gari, ita kuma majalisar ta zaɓi magajin gari daga cikin mambobinta. A halin yanzu Faransa tana da irin waɗannan hukumomi kusan 35,000, kuma yawan kansilolin kowace yana tafiya da yawan mutanenta, daga bakwai a ƙauyen da bai kai mutum 100 ba zuwa 163 a birnin Faris.

Wa'adin majalisa da na magajin gari shekara shida ne. A zaman farko bayan zaɓe, kansiloli suna kaɗa ƙuri'a a asirce, kuma wajibi ne ɗan takara ya sami fiye da rabin ƙuri'u a zagaye na farko ko na biyu. Idan aka kai zagaye na uku, wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ne ya ci, idan kuma aka yi kunnen doki, doka ta ba wanda ya fi shekaru. Birnin Faris ya daɗe a wajen wannan tsari, domin gwamnatocin ƙasar sun ji tsoron barin babban birni a hannun mutum guda, saboda haka daga 1871 bai sake samun magajin gari ba sai a 1977, lokacin da aka zaɓi Jacques Chirac, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A 2014 Anne Hidalgo ta zama mace ta farko da ta hau wannan kujera.

Mutum ɗaya, iyayengiji biyu

Abin da ya fi bambanta magajin gari a wannan tsari shi ne yana yi wa iyayengiji biyu aiki a lokaci guda. A ɓangare na farko shi ne mai zartar da shawarwarin majalisar gari: shi ke kiran zama ya shugabance shi, shi ke tsara kasafin kuɗi ya gabatar, shi ke sa hannu a kwangila, shi ke ɗaukar ma'aikatan hukuma ya ladabtar da su, kuma shi ke tsayawa a madadin gari idan an kai ƙara ko an kawo ƙara. A mafi yawan garuruwa shi ne yake bayar da izinin gini, bisa taswirar da ta fayyace inda za a gina gidaje da inda za a bari domin noma ko hanyar ruwa. Gina makarantun firamare da gyaransu, da kula da titunan cikin gari, da tanadin maƙabarta, duk suna cikin abin da doka ta ɗora wa hukumarsa, alhali albashin malamai yana wuyan gwamnatin tsakiya.

A ɓangare na biyu kuwa wakili ne na gwamnatin ƙasa a cikin garinsa, kuma a nan umarni yake karɓa daga sama. Shi ke riƙe da rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ƙarƙashin sa idon mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ke kula da jerin sunayen masu zaɓe da shirya rumfunan zaɓe, shi ne kuma yake sanar da jama'a dokokin da aka zartar. Ɗaurin aure ya isa misali. Kafin ranar, ana liƙa sanarwa a ƙofar ofishin magajin gari har kwana goma domin duk mai ƙorafi ya fito. A ranar kuma ana barin ƙofar zauren a buɗe, magajin gari ko mataimakinsa ya rataya ɗamara mai launin shuɗi da fari da ja, ya karanta wa ango da amarya sassan dokar da suka shafi haƙƙoƙin aure, ya ji amincewar kowannensu a gaban shaidu biyu zuwa huɗu, sannan a sa hannu a rajista a miƙa musu littafin iyali, wanda a cikinsa za a riƙa rubuta kowane ɗa da suka haifa. A wannan lokaci da yawun ƙasa yake magana, shi ya sa ba shi da damar ƙin ɗaura auren da ya cika sharuɗɗan doka don kawai bai kwanta masa a rai ba.

Akwai kuma iko na uku da doka ta ba shi shi kaɗai, wanda majalisar gari ba ta da hannu a cikinsa, wato ikon kiyaye zaman lafiya da tsaro da tsaftar jama'a. Da wannan iko ne yake rufe hanya, ko ya hana hayaniya da dare, ko ya tsara wuraren ajiye motoci, ko ya umarci a kwashe mutane daga ginin da ke shirin rushewa, kuma a garuruwan da ke da 'yan sandan gari, a ƙarƙashinsa suke aiki.

Takunkumin da ke kan ikonsa

Duk da faɗin wannan iko, doka ta kewaye shi da shinge ta kowace fuska. Kafin 1982, wakilin gwamnatin tsakiya a lardi, wanda ake kira prefe, yana iya soke shawarar hukumar gari da alƙalaminsa. Dokar ranar 2 ga Maris ta waccan shekara ta cire masa wannan dama, ta bar masa ikon duba shawarar bayan an zartar da ita, idan ya ga ta saɓa wa doka sai ya kai ta gaban kotun da ke sauraron ƙararrakin gwamnati, kuma kowane mazaunin gari da abin ya shafa yana da irin wannan dama. Idan magajin gari ya yi sakaci da tsaron jama'a, prefe yana iya gargaɗinsa, idan bai motsa ba ya ɗauki matakin a madadinsa. Minista yana iya dakatar da shi na tsawon da bai wuce wata ɗaya ba, amma tsige shi sai da ƙudurin majalisar ministoci.

A sha'anin kuɗi shingen ya fi tsauri, domin an raba mai bayar da umarnin kashe kuɗi da mai riƙe da asusu. Magajin gari yana sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila, amma ma'ajin da zai fitar da kuɗin ma'aikacin baitulmalin ƙasa ne, wanda ba ya ƙarƙashinsa, kuma yana iya ƙin biya idan takardu ba su cika ba. Wajibi ne kasafin kuɗi ya daidaita tsakanin abin da zai shigo da abin da zai fita, kuma akwai kotun binciken kuɗi ta yanki da ke bin diddigin yadda aka kashe dukiyar gari.

Girman nauyin ya fito fili a garin La Faute-sur-Mer da ke gaɓar tekun Atlantika. A daren 27 zuwa 28 ga Fabrairu, 2010, guguwar da aka sa wa suna Xynthia ta koro ruwan teku ya haura katangar da ke kare garin, ya cika gidajen da aka gina a cikin kwari, mutum 29 suka rasu, da yawansu tsofaffi ne da ruwa ya tarar suna barci. Shari'ar da ta biyo baya ta karkata ne kan izinin ginin da aka bayar a wurin da aka san yana da haɗari, da kuma gazawa wajen faɗakar da mazauna. A 2014 kotu ta yanke wa magajin garin, René Marratier, ɗaurin shekara huɗu, a 2016 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin talala na shekara biyu. Wannan shari'a ta nuna cewa sa hannu a takardar izinin gini amana ce ta rayuka, kuma wanda ya karɓi kujera ya karɓi alhakin abin da ya yi da abin da ya bari bai yi ba.

Yadda tsarin ya kasance a Nijar

Nijar ta ɗauki wannan tsari ta shimfiɗa shi a faɗin ƙasa da zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004, aka sake yi a 2011 da kuma Disambar 2020. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tanadi wa'adin shekara biyar, kuma kamar a Faransa ta ba kansiloli ikon zaɓen magajin gari daga cikinsu. Ƙasar tana da hukumomi sama da 250, huɗu daga cikinsu suna da matsayi na musamman na birni, an kuma rarraba su da'ira-da'ira: Yamai biyar, Damagaram biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu. Wani abu da Nijar ta ƙara daga al'adarta shi ne kujerar da ta ba sarakunan gargajiya a majalisa, inda suke bayar da shawara ba tare da kaɗa ƙuri'a ba, kuma ta hannun masu gari da masu unguwanni ne ake tattara harajin da magidanta suke biya wa hukuma duk shekara.

Babbar matsalar da magadan gari suka fuskanta a Nijar ita ce tazarar da ke tsakanin aikin da aka ɗora musu da kuɗin da ke hannunsu. A 2016 gwamnati ta miƙa wa hukumomi wasu ayyuka a fannonin ilimi da lafiya da ruwan sha da muhalli, alhali yawancin hukumomin karkara sun dogara ne da ɗan harajin kasuwa da na dabbobi da tashoshin mota, wanda sau da yawa da ƙyar yake biyan albashi. Hakan ya sa wasu suka koma ga yanka filaye suna sayarwa, abin da ya haifar da rigingimu da zarge-zarge masu yawa. Kujerar kuma ba ta da tabbas, domin kansiloli suna iya kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna, gwamnati ma tana iya saukewa, kamar yadda ta yi wa magadan garin Yamai a 2013 da 2017. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun a watan Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu.

A Nijeriya kuwa, tsarin mulkin 1999 bai tanadi magajin gari ba. Shugabannin ƙananan hukumomi 774 ne suke riƙe da makamancin aikinsa, kuma birni kamar Kano ya rabu ne tsakanin ƙananan hukumomi takwas, ba tare da wani zaɓaɓɓen jami'i guda da za a tambaya game da birnin baki ɗaya ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma ya haramta wa gwamnoni maye gurbin zaɓaɓɓu da shugabannin riƙo, ya taɓo ainihin matsalar da ke damun wannan mataki na mulki a ƙasashen biyu.

Abin da waɗannan misalai suka tabbatar shi ne, muƙamin magajin gari yana amfanar jama'a ne idan abubuwa uku suka haɗu: a zaɓe shi da ƙuri'ar gaskiya, a ba shi kuɗi daidai da aikin da aka ɗora masa, a kuma sa masa ido ta hanyar majalisa da kotu da masu binciken kuɗi. Idan ɗaya ya ɓace, ko dai ya zama ɗan amshin shatan na sama da shi, ko ya mayar da dukiyar gari tamkar gadon gidansu. Sa idon nan kuwa ba ya cika sai da mazauna gari, domin a Faransa, da kuma a Nijar kafin a rusa majalisun, doka ta tanadi a yi zaman majalisa a bainar jama'a, sai fa in an yanke shawarar ganawar sirri. Saboda haka ya kamata kowane mai biyan haraji ya san kansilan unguwarsa, ya nemi sanin abin da kasafin kuɗin garinsa ya ƙunsa, ya riƙa karɓar rasit a duk lokacin da ya biya kuɗin rumfa ko na fili, kuma ya yi wa 'ya'yansa rajistar haihuwa a kan lokaci, domin da waɗannan ƙananan matakai ne jama'a suke riƙe linzamin wanda suka ba amanar garinsu.