Shimfiɗa Fasassun Duwatsu Kewaye da Ɗaki

'Yan'uwa manoma, ruwan da ke zubowa daga indararo ko bakin kwano shi ke cin gindin bango. Damina biyu ko uku, sai ɗakin ƙasa ya soma tsagewa. Maganin kuwa yana zube a gonakinmu, wato duwatsun nan da muke tsincewa don kada su karya mana garma.

Ba sai an kira magini ba. A haƙa ƙasa kewaye da ɗakin, faɗi ƙafa 3, zurfi inci 6. A zuba tsakuwa ko marmara inci 3, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai. Nan ne sabon hannu yakan yi gaggawa, daga baya duwatsu su nutse. Amma abin da muka fi jan kunne a kai shi ne gangare. Gefen bango ya fi na waje tudu da inci 1. In ruwa zai kwanta jikin bango, gara ma ba a yi aikin ba.

A fara jera duwatsun haka nan babu kwaɓi, a ga yadda za su zauna: manya a baki, ƙanana a tsakiya, fuska mai sumul tana sama. Sa'an nan a kwaɓa yashi bokiti 4 da siminti bokiti 1, a zaunar da kowane dutse, a bubbuga shi da guntun katako. Kada tsakaninsu ya wuce yatsa biyu, a cike shi da kwaɓin.

Bayan girbi ya fi, a yi gayya. A rufe da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. Kwana biyun farko a tsare yara da awaki.