Kalmar "Bald": Daga Sanƙon Kai Zuwa Tayar Mota

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya nemi kalmar Ingilishi "bald" zai tarar an fassara masa ita da "mai sanƙo". Fassarar daidai ce, sai dai ba ta ƙare zance ba. Ranar da ya ci karo da kalmar a jikin tsuntsu mai cikakken gashi, ko a jikin tayar mota, sai kansa ya ɗaure. Maganin wannan ruɗani shi ne a koma tushe.

Ma'anar da kowa ya sani ita ce mutumin da gashin kansa ya zube. Wanda sanƙo ya fara cin goshinsa ko tsakar kansa, amma bai gama ba, "balding" ake ce masa. Shi kansa sanƙon sunansa "baldness". Wanda wanzami ya yi wa ƙwal-kwabo kuwa, kalmar da ta fi dacewa da kansa ita ce "shaved", domin gashinsa zai sake tsirowa. Idan ana maganar hannu, ƙirji ko fatar dabba, "hairless" aka fi amfani da ita.

To, me ya haɗa mikiya da sanƙo? Tsuntsun da ke jikin hatimin Amurka tun 1782, wanda doka ta tabbatar da shi a matsayin tsuntsun ƙasa a Disambar 2024, sunansa "bald eagle". Duk wanda ya ga hotonsa ya san kansa a rufe yake ruf da fararen gashin tsuntsu. Da rashin gashi ake nufi, ai ungulu ce ta cancanci sunan. Abin da ya faru shi ne, a tsohon Ingilishi na ƙarnonin baya kalmar tana ɗauke da ma'anar farin tabo, irin wanda ake gani a goshin doki. Farin kan mikiyar aka duba aka raɗa mata suna. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da rai a "piebald", wato doki mai roɗi-roɗin baƙi da fari. Haka kuma Turawan Ingila suna kwatanta mai sanƙo da wani tsuntsun ruwa da suke kira "coot", baƙi ne wuluk amma da farin tambari a goshi. Idan ka tuna yadda sanƙo ke ƙyalli a rana, za ka ga yadda fari da rashin gashi suka haɗu a kalma ɗaya.

Daga nan sai kalmar ta bar kan mutum ta shiga duniya. Duk abin da ya rasa abin da ya saba rufe shi, ana iya kiransa da ita. Tayar da ta suɗe, zanenta ya cinye har ta yi sumul, "bald tyre" ce. A Birtaniya doka ta ce zurfin zanen tayar ƙaramar mota kada ya gaza milimita 1.6, domin suɗaɗɗiyar taya ba ta kama kwalta idan an yi ruwa. Dutsen da babu bishiya a ƙoƙuwarsa shi ma ana siffanta shi da wannan kalma, haka darduma da ta sha taku har gashinta ya ƙare a wani gefe.

Mataki na ƙarshe shi ne magana. "Bald statement" zance ne da aka faɗa ƙeƙe-da-ƙeƙe, babu kwana-kwana, babu lallashi. Idan jarida ta ce wani ya yi magana "baldly", tana nufin ya fito fili ya faɗi abin da ke ransa. Amurkawa kuma suna cewa "bald-faced lie", wato ƙaryar da aka shara ido-da-ido ba kunya.

Akwai tarko biyu da ya kamata mai koyo ya kiyaye. Na farko, "bald" da "bold" suna kama a kunne, amma ta biyun tana nufin mai ƙarfin hali, ko rubutu mai kauri. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma ya isa ya mai da yabo ya koma zolaya. Na biyu ya shafi ladabi. Kalmar ba zagi ba ce a karan kanta, amma jifan mutum da ita kan zama cin fuska. A 2022 wata kotun ma'aikata a Ingila ta yanke hukuncin cewa kiran wani ma'aikaci da ita cikin zagi cin zarafi ne mai alaƙa da jinsi, tunda sanƙo ya fi yawa a maza.

Saboda haka, ya kai mai karatu, duk inda ka gamu da "bald", dubi kalmar da ke maƙwabtaka da ita kafin ka fassara. Tambayi kanka: me aka tuɓe a nan, gashi ne, zanen taya ne, ko adon magana? Idan kuma tsuntsu ne ko doki, to farin tabo ake nufi.