Rabo Da Nema: Wane Iko Aka Sakar Wa Ƙananan Hukumomi?

Sana'ata bin diddigin kalmomi ce, don haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na shigo muhawarar 'yancin ƙananan hukumomi ta ƙofar da na saba. A wani darasi na ilimin ma'ana na tambayi ɗalibaina yadda ake kiran zaman da ake yi a Abuja kowane wata domin kasafta kuɗin asusun tarayya. Kusan baki ɗaya suka ce "rabon arzikin ƙasa", kamar yadda suke ji a rediyo. Sai na ce su tsaya a kan kalmar "rabo". A Hausa tana nufin kasawa, tana kuma nufin abin da ya zo wa mutum ba da guminsa ba, shi ya sa wanda ya yi tsintuwa ake cewa rabonsa ne. Irin wannan rabo ba a tambayar daga ina ya fito, ba a kuma cika bin bahasin inda ya tafi ba.

A tsarin da aka daɗe ana aiki da shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuwa 20.60. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya bi da kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan aka ba kura ajiyar nama. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. An yi murna, ni ma na yi, duk da cewa an shafe watanni ana ja-in-ja kan aiwatarwa, kuma a zaɓuɓɓukan da suka biyo baya jam'iyyar gwamna ce ta lashe kujeru kaf a jihohi da dama. Abin da ya fi damuna shi ne, ko da an bi hukuncin sau da ƙafa, hanyar da rabo zai bi kaɗai aka gyara. Maganar nema ba a taɓa ta ba.

Mahaifina ya bar wata tsohuwar adaka, a cikinta akwai rasiɗan harajin da ya biya wa En'e shekara da shekaru. Waɗannan 'yan takardu su ne suka cika Baitulmali, kuma da kuɗin Baitulmali En'e ta Kano ta samar wa birni ruwan famfo da lantarki tun farkon shekarun 1930. Kada a ɗauka ina kewar wancan zamani. An ci zarafin talakawa wajen karɓar haraji da jangali, a kan haka Malam Aminu Kano da NEPU suka yi gwagwarmaya, har gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a 1979. Amma akwai abu guda da ya tafi tare da rasiɗin: mahaifina yana da bakin tambayar hakimi ina rijiyar da aka yi alkawari, domin ya san kuɗinsa ne.

Haka abin yake a matakin yanki. Tsarin mulkin 1963 ya bar wa kowane yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa, saɓanin kashi 13 na yau, kuma gyaɗa da auduga suna da hukumar cinikinsu a Arewa. Gwamnatin da ta san cewa albashin ma'aikatanta ya dogara da damina dole ta kula da manomi. Da irin wannan tunani aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ko bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda har yau manoman Kura da Kadawa ke noman rani da ita. Kuɗin man fetur da mulkin soja su suka tattara komai zuwa tsakiya.

To, yau fa? Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da ƙananan hanyoyi, wato daidai wuraren da arzikin karkara ke juyawa. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda fatake ke zuwa daga Nijar da Chadi, tana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Shugaban da ke zaune kusa da irin wannan kasuwa, in ya gyara mata hanya da rumbuna da magudanar ruwa, ya kamata ya ga ribar a asusunsa, in ya yi sakaci kuma ya ji a jikinsa. Muddin abin da zai samu a ƙarshen wata bai canja ba ko tumatirin Kadawa ya isa Legas ko ya ruɓe a kwando, ba shi da dalilin damuwa da kwandon.

Gyaran da na fi sa wa rai bai samu ko rabin surutun hukuncin kotu ba. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki yadda jihohi za su iya samar da lantarki su rarraba, su kuma shimfiɗa layin dogo, sannan dokar lantarki ta biyo baya a watan Yuni. Wannan iko ne na nema. Jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ragamar kasuwar lantarkinsu tun 2024. Duk wanda ya ratsa Sharaɗa da Bompai da Challawa ya ga masana'antun da rashin wuta ya taimaka wajen rufewa, yana da haƙƙin tambayar majalisar jiharsa me ta yi da wannan dama, kuma megawat nawa aka ƙara wa masu injin niƙa da masu walda tun daga lokacin.