MAYAR DA TSOHON GIDAN WUTA WURIN ZAMA: MISALIN BATTERSEA A BIRNIN LANDAN

1. Gabatarwa

Kowane babban birni na Turai da Amurka yana da waɗansu gine-gine da aka yi domin hidimar jama'a duka, kamar gidan wutar lantarki, da gidan famfo, da rumbun iskar gas, da gidan wayar tarho. Galibinsu an gina su tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da tsakiyar na 20, a cikin gari ko a bakinsa, domin su kusanci masu amfani da su. Da ilmin injuna ya ƙaru sai aka koma kafa manyan tashoshi can nesa da gari, waɗannan na dā kuwa suka zama kangaye. Hukumar gari ba ta da hanya a kansu sai ɗaya cikin uku: ko ta rushe, ko ta bari su ruɓe, ko kuwa ta sāke musu aiki.

Hanya ta uku ita za mu duba a wannan takarda, watau mayar da irin ginin nan gidajen kwana. Abin da muke so mu nuna shi ne, ginin da aka auna domin inji ba ya karɓar ɗan Adam sai an kashe dukiya mai yawa, kuma inda dukiyar nan ta fito shi ke yanke ko wa zai zauna a ciki. Mun ɗauki gidan wuta na Battersea ya zama babban misali, kāna mu gwada shi da rumbunan gas na birnin Biyana.

2. Kalmomi biyu

Kafin mu shiga labarin, ya kamata a warware kalmomi biyu waɗanda malami zai yi ta karo da su.

Ta fari ita ce lof. Asalinta a Ingilishi ɗakin da ke ƙarƙashin rufi ne, inda ake ajiye ciyawa ko kaya. Daga baya Amurkawa suka riƙa kiran benayen ma'aikatu da ɗakunan ajiya da wannan suna. A unguwar SoHo ta birnin Niyok akwai irin benayen nan da yawa, masu ginshiƙan ƙarfe da manyan tagogi. Sa'ad da ƙananan ma'aikatu suka fara tashi daga unguwar, sai masu zane da masu sassaƙa suka riƙa kama hayarsu da araha a shekarun 1960, suna aiki suna kwana a ciki, ko da shi ke doka ba ta yarda ba. A 1971 hukumar birnin ta ba su izni, a 1973 aka sa unguwar cikin wuraren tarihi da ba a rushewa, a 1982 kuma Jihar Niyok ta kafa doka ta musamman a kan zaman benayen. Tun daga nan ma'anar kalmar ta zama wurin zama mai faɗi, mai dogon rufi, wanda ba a yanka shi ɗaki ɗaki ba. Mu a nan za mu ce masa buɗaɗɗen soro. Bahaushe zai ga abin da mamaki, gama shi ya saba da zaure da shigifa masu raba baƙo da cikin gida, a buɗaɗɗen soro kuwa wurin baƙi da madafa da makwanci duk ido ɗaya ke ganinsu.

Ta biyu ita ce gidajen jeri. Waɗannan gidaje ne matsattsu, masu hawa biyu ko uku, kowanne da ƙofarsa a bakin titi, yana kuma haɗa bango da maƙwabtansa dama da hagu. Ana yawan gina su sabbi fil a filin da ke kewaye da tsohon gini, inda dā ake jibge kwal ko ajiye motoci. Amfaninsu ga mai aikin shi ne suna da saukin gini da saurin sayarwa, da kuɗinsu ake gyaran tsohon ginin.

3. Tarihin ginin

Gidan wuta na Battersea yana gaɓar kudu ta Kogin Tems. An fara rabinsa na farko a 1929, ya soma ba da wuta a 1933, rabi na biyu kuwa bai kammala ba sai 1955. Wanda ya tsara kamannin wajensa shi ne Sir Giles Gilbert Scott. An yi shi da jan tubali wajen miliyan 6, faɗinsa kimanin mita 160, tsawonsa 170, yana da dogayen bututun hayaƙi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, waɗanda kawunansu suka haura mita 100 daga ƙasa. Ta kogi jirage ke kawo masa kwal, fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. A lokacin ƙarfinsa shi ke ba Landan kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutarta.

Injuna suka tsufa, aka rufe rabin farko a 1975, na biyu a 1983. Amma tun 1980 Hukuma ta riga ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe. Wannan hani shi ya cece shi, shi ne kuma ya mai da shi kaya mai nauyi a kan duk wanda ya saya. A ƙarshen shekarun 1980 wani attajiri ya ɗauki niyyar mai da shi wurin wasanni. Aka kware rufin tsakiya domin a fid da injuna, kuɗi suka ƙare a 1989, aka bar shi haka nan a buɗe, ruwa yana zuba a ciki shekara da shekaru. Wani kamfanin Hong Kong ya saya a 1993, wani na ƙasar Ailan ya saya a 2006, duk ba wanda ya kai ga gini. A 2012 ne gamayyar kamfanonin ƙasar Maleshiya suka sayi filin, mai eka 42, a kan fam miliyan 400. Aka soma aiki a 2013, aka buɗe wa jama'a ginin ran 14 ga Oktoba 2022, shekara 39 bayan da injinsa na ƙarshe ya tsaya.

4. Wahalolin aikin

Wahala ta fari, wadda ta fi kowacce, ita ce haske. Inji ba ya bukatar taga, mutum kuwa ba ya zama ɗakin da ba ta. Masu zanen gini suna da wani ma'auni da suke bi, cewa hasken rana mai amfani yana shiga ɗaki kimanin ninki biyu ko biyu da rabi na tsayin kan taga daga daɓe. Idan kan taga ya kai mita 3, haske zai yi aiki zuwa mita 6 ko 7, daga nan sai duhu. To, ginin da faɗinsa ya kai mita 160, a bakin bangonsa kaɗai za a iya kwana, dukan cikinsa ba shi da amfani ga gida. Ga shi kuma doka ba ta barin a huda bangon tarihi yadda aka ga dama, kowace sabuwar taga sai an nemi izni.

Ta biyu ita ce guba. A tsofaffin gidajen wuta ana naɗe bututun tururi da asbesto, wanda ƙurarsa ke kawo ciwon huhu mai kisa bayan shekaru masu yawa. Gidajen gas kuwa suna barin kwalta da sauran dattin kwal a cikin ƙasa. Dole a kwashe waɗannan duka, ko a rufe su ruf, kafin a bar yaro ya yi wasa a wurin. Kuɗin wannan aiki ana kashe shi tun ba a sayar da ɗaki ko ɗaya ba.

Ta uku ita ce lalacewar jikin ginin. A Battersea an iske ƙarfen da ke cikin kankaren bututun hayaƙi ya yi tsatsa, kankaren ya tsattsage. Aka sauke su duka huɗu, aka sāke zuba su daidai da zanen asali, aka gama a 2017. Har wa yau sai da aka yi sabon tubali fiye da miliyan ɗaya da rabi domin cike gurabe, cikin masu yinsa har da ma'aikatar da ta yi na farko, don kada launi ya bambanta. Mai karatu zai lura cewa bututun nan ba gidan da ke cikinsu. Dukiyar da aka zuba musu ta tsare kamannin birni ce kawai, amma tilas a fanshe ta daga wani wuri.

Ta huɗu ita ce abubuwan da gida ke bukata waɗanda gidan inji bai taɓa samu ba: benaye a cikin sararin da dā babu kome daga ƙasa har rufi, da matakala da ƙofofin tsira daga gobara, da famfo da magudana ga kowane sashe, da abin tare sanyi da ƙara. Galibi sai a kafa sabon ƙashin gini na ƙarfe a ciki, tsohon bango ya zama kamar riga a kansa.

5. Yadda aka raba ginin

Dabarar masu zanen Battersea, watau kamfanin WilkinsonEyre, ta bi ƙa'idar hasken nan sau da ƙafa. A gefen gabas da na yamma akwai dogayen sassa matsattsu inda dā ake rarraba wuta. Su aka mayar gidaje, aka ƙara musu sabbin benaye a bisa, aka kuma jera waɗansu gidajen a kan rufin tsakiya. Jimlar gidajen da ke jikin ginin 254 ce, mutanen farko suka tare a 2021. Zaurukan injuna guda biyu, masu tsawo da duhu, aka mai da su kasuwa. Tsakiya, inda dā tukwanen tururi suke, ta zama ofisoshi, kamfanin Apple ya kama yawancinsu. Sauran gidajen, dubbai, suna cikin sabbin dogayen benaye a filin da ke kewaye, an kuwa gama rukuni na farko tun 2017, kafin tsohon ginin kansa. Wato abin da gidajen jeri ke yi wa ƙaramin gini, shi dogayen benayen nan suka yi wa Battersea.

A Biyana, babban birnin Ostiriya, an warware matsalar ta wata fuska. A unguwar Simmering akwai rumbunan gas huɗu na tubali, kewayayyu, waɗanda aka gina tsakanin 1896 da 1899, kowanne tsayinsa wajen mita 70, faɗinsa wajen 60. Aka daina amfani da su a shekarun 1980. Tsakanin 1999 da 2001 aka ba kowane rumbu ga masu zane dabam, cikinsu har da Jean Nouvel na Faransa. Aka cire tankin ƙarfe na ciki, aka bar bangon da tagoginsa. A yawancinsu an jera gidajen a zagaye, aka bar fili a tsaka kamar tsakar gida, haske yana sauka ta sama. Aka sami gidaje kimanin 600, da makwancin ɗalibai, da kasuwa, da ma'ajiyar takardun tarihin birnin.

6. Wa zai zauna a ciki?

A nan ne misalan biyu suka rabu. A Ingila al'ada ce hukumar gunduma ta ɗora wa mai babban gini sharaɗin ware waɗansu gidaje masu rangwame domin masu ƙaramin ƙarfi. A Battersea an yi alkawarin 636. A 2017 masu aikin suka kawo kuka cewa gyaran tsohon ginin ya ci fiye da yadda aka zata, Majalisar Gundumar Wandsworth ta yarda aka rage zuwa 386, watau daga kashi 15 cikin 100 zuwa 9. Magajin garin Landan na lokacin, Sadiq Khan, ya soki wannan ragi a fili. Iyalai 250 ke nan suka rasa wurin da aka yi musu alkawari. A Biyana kuwa kamfanonin gidaje waɗanda doka ta iyakance ribarsu suna cikin masu aikin, birnin ya sa tallafinsa a gidaje da yawa, saboda haka ma'aikaci da ɗalibi suka sami shiga.

Abin nan ya riga ya faru a SoHo. Masu zanen da suka nuna wa duniya cewa ana iya zama a benen ma'aikata, su ne haya ta kora da unguwar ta yi suna. Malama Sharon Zukin ta bi diddigin wannan a littafinta Loft Living na 1982.

7. Kammalawa

Hujjojin masu son a adana irin gine-ginen nan suna da ƙarfi. Bango da harsashin da ke tsaye an riga an biya kuɗinsu, ga shi kuwa yin siminti shi kaɗai yana fid da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Ginin yana cikin gari kusa da wuraren aiki, jama'a kuma sun san shi tun suna yara. Amma malamin da zai koyar da wannan darasi kada ya tsaya a kan kyaun tubali da tsayin rufi. Ya sa ɗalibai su yi tambaya uku a kan kowane irin aikin nan: ta ina haske ke shiga, wa ya biya kuɗin kwashe guba da gyaran bango, kuma gida nawa aka ware wa waɗanda ba su iya farashin kasuwa. Amsar ta biyu ita ke nuna ta uku. A Battersea masu sayen gidaje masu tsada suka biya, a Biyana kuwa birni ya ɗauki rabonsa na nauyin.