Bel ɗin hiyas ba kayan kauce wa tara ba ne

Duk wanda ya saba shiga hiyas tsakanin Maraɗi da Tibiri, ko ya bi ta Jiratawa zuwa Ɗan Isa, ya san halin da bel ɗin kujerar gaba yake ciki. Wani ya saki ya zube ƙasa, ƙofa na ta matse shi har gefensa ya zaizaye. Wani ya ƙage a jikin ginshiƙin ƙofa, a yi ta ja ba ya fitowa. Wani kuma an ƙulle shi a tsakiya, daidai inda ya taɓa tsinkewa. Da direba ya hango shingen jandarmomi sai ya jawo shi ya rataya a kafaɗa, ya danne bakinsa da cinya, da an wuce ya sake shi. Mai motar da ba zai yarda ya kwana da burki mai rauni ba yakan shekara da mataccen bel hankalinsa kwance, don a ganinsa abin kauce wa tara ne kawai. Wannan kuskure ne. Bel na'ura ce mai aiki irin na burki, ana gane ciwonta cikin 'yan mintuna, kuma idan ta lalace da gaske maganinta ɗaya ne: a cire ta gaba ɗaya a sa wata. Ƙulli da ɗinki da sauran kwaskwarima sun fi rashin bel ɗin muni ta fuska guda, domin suna sa mutum ya zauna yana zaton a ɗaure yake.

Maganar ta fi nauyi a hiyas saboda ƙirarta. Tun da Toyota ta fara yin ta a 1967, yawancin samfurorinta injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba yake, direba da fasinjan gefensa na zaune kusan bisa tayoyin gaba. A 2019 an fito da wadda aka mayar da injinta gaba aka yi mata hanci, ita kuwa ba ita ce ta cika tashoshinmu ba. A tsofaffin, tsakanin gwiwar mutum da abin da mota ta daka babu wani ƙarfe mai yawa da zai lanƙwashe ya shanye bugun. Lissafin kuma ba ya canzawa: mota ta tsaya cik tana gudun kilomita 50 a awa, jikin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun, ya bugi sitiyari ko gilashi kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. Ko a gudun kilomita 30, faɗowa ce daga sama da mita 3. Babu hannun da zai tokare wannan. Abin da ya sa ke nan injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai kama kafaɗa da ƙugu tare a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Jihar Victoria ta Ostareliya ta fara tilasta ɗaura shi a 1970, Faransa ta bi a 1973, Najeriya ta fara kame a kansa a 2003. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi, kuma rahotonta na 2023 ya ƙiyasta cewa hanya na cin rayuka miliyan 1.19 a shekara, Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Abin da ido ke gani, wato ɗamarar, ƙaramin ɓangare ne na aikin. An saƙa ta da zaren roba mai ƙarfi, faɗinta ya kusa santimita 5, kuma sabuwa tana jure jan da ya kai tan ɗaya da rabi. Tana da harshen ƙarfe mai shiga makulli, tana ratsa wani zobe a saman ginshiƙin ƙofa, ta gangara cikin wani ƙaramin akwati da ke ɓoye bayan robar ginshiƙin. A cikin akwatin nan ne duk hikimar take. Akwai sifirin naɗaɗɗe mai mayar da bel ciki, akwai kuma makama biyu. Ta farko tana jin saurin jan bel ɗin kansa: a ja a hankali ya biyo, a fizga ya kame. Ta biyu wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne zaune cikin ɗan kwarmi, wanda da mota ta ci burki da ƙarfi ko ta karkata sai ya gangara ya tura wani haƙori ya riƙe naɗin. Motocin baya-bayan nan an ƙara musu abu na uku, ɗan albarushi mai tashi lokacin karo ya tsuke bel ɗin a jikin mutum kafin ƙiftawar ido. Shi wannan sau ɗaya yake aiki.

Wanda ya san wannan ya san yadda zai bincika, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. A zaro bel ɗin duka har ƙarshensa, a bi shi da yatsa. Yanka ko da ƙarami ne a gefe, zare da ya tashi, wurin da ya yi ƙyalli ya taurare kamar an goga masa wuta, ko launin da rana ta cinye har ya yi fari-fari, kowanne hukunci ne. Ranar Maraɗi ba ta raga wa roba, motar da ke yini a tasha ba inuwa kuwa bel ɗinta na tsufa kafin lokacinsa. Sai a sake shi a ga ko zai koma da kansa, sannan a fizge shi a ji ko zai kame. A sa harshen cikin makulli a saurari ƙarar kamawarsa, a ja da ƙarfi, a danna jan maɓallin a ga ko zai tofo harshen nan take. Makama ta biyu sai a fili ake gwada ta, inda babu jama'a: a ɗaura, a tafi a hankali, a taka burki farat ɗaya, kafaɗa ta ji riƙo. Daga ƙarshe a ɗaga tabarmar ƙasa a duba inda aka ɗaure ƙusoshin. Motocin da suka yi shekaru a Turai kafin su iso ta Kwatano sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma sau da yawa bel lafiya lau yake, ƙarfen da ke riƙe da shi ne ya zama gari.

Ba kowane ciwo ke kai wa ga saye ba, kuma nan ne makaniki mai amana ke bambanta da mai son cinikin kaya. Bel mai komawa a kasale yawanci datti ne: ƙurar hunturu da gumi sun haɗu sun yi kauri a jikinsa da cikin zoben sama. Ruwa mai ɗumi da sabulu mara kaifi sun isa, a bar shi a miƙe ya bushe a inuwa kafin a bari ya naɗe. Ba a sa masa jabel ko fetur, suna cinye zaren. Makullin da ya ƙi kamawa, a leƙa cikinsa da fitila, sau da yawa ɓawon gyaɗa ne ko gutsuren goro ko tsabar kuɗi ta faɗa. Bel ɗin da ya murɗe cikin zobe ana warware shi da hannu. Iyakar gyara ke nan. Akwatin kansa ba a buɗe shi, ba a ɗiga masa baƙin mai, domin mai na tara ƙura ya manne ɗan ƙwallon, bel ya riƙa fita da shiga sumul amma ranar da ake buƙatarsa ya ƙi kamawa. Ɗinkin baduku, kome kyansa a ido, ba ya ɗaukar jan tan guda. Kuma duk bel ɗin da ke jikin mutum lokacin karo mai ƙarfi ya gama aikinsa, ko da ba a ga komai a jikinsa ba, don zarensa ya riga ya miƙe.

Canjin kansa aikin ƙasa da yini ne, amma yana da wurare uku da ake yin ɓarna. Na farko wuta: idan akwai wata waya mai kan rawaya da ke shiga akwatin, alamar albarushi ce, sai a kashe mota a cire kan batir a jira aƙalla minti ɗaya da rabi kafin a taɓa ta, kuma kada mai wayarin ya ɗora mata fitilar gwaji. Na biyu zama: akwatin an yi shi ne don ɓangare guda na mota guda, ya zauna a tsaye yadda aka ƙera shi. Na dama ba ya zama a hagu, na ƙaramar mota ba ya zama a hiyas. Idan ya karkata, ƙwallon zai ɗauka mota ce ta kife, ya kame bel ɗin har abada, daga nan sai a ce kayan ne ba su da kyau. Na uku ƙusa. Ƙusar bel mai taurin musamman ce, zarenta ma na inci ne, 7/16, ko a motar Japan da sauran ƙusoshinta duk na milimita ne. Yaron gareji da ya ɓatar da ita ya tsinto wata a cikin gwangwani ya tura da ƙarfi ya kashe zaren ramin, abin da ya ɗaura kuma zai fita da fizga ɗaya. Harshe da makulli su ma tare ake canza su, don na wata mota na iya shiga har ya yi ƙara amma bai kama sosai ba.

Direbobi na da amsoshinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Akwai mai cewa Tibiri ai nan da nan ce, Jiratawa ma haka, wa zai ɗaura bel don tafiyar da ba ta kai rabin awa ba? Sai dai gajerun hanyoyin nan su ne cike da amalanke da kabu-kabu da dabbobi, musamman Litinin da Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci, kuma mai yin sawu da yawa a yini yana tara kilomitocin da suka kai na mai doguwar tafiya. A irin gudun waɗannan hanyoyi ne ma bel ya fi amfani, inda yake raba tsakanin ƙujewa da fashewar kai. Akwai mai tsoron wuta ko ruwa, ya ce gara a wurgo shi waje. Ƙididdigar Amurka ta nuna haɗarin da ya haɗa da gobara ko nutsewa bai kai ɗaya cikin ɗari ba, wanda aka wurgo kuwa kwalta ce ke jiransa, ko motar ta bi ta kansa. Mai fita daga mota mai ci da wuta shi ne wanda bai suma ba. Tsoron nan yana da gaskiya a wuri ɗaya tak, wato makulli mai maƙalewa, wannan kuwa hujja ce ta canza makullin. Mai cewa ajali ba ya wuce lokacinsa ya faɗi gaskiya, amma malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, shi ma kuma bai bar gyaran burki ba don ajali.

Hujjar kuɗi ta fi waɗannan ƙarfi. Sabon bel na kamfani ba shi da arha, ba kuma kullum ake samunsa a gari ba, mai mota kuwa yana lissafin mai da taya da kuɗin tasha. Masu ƙera motoci cewa suke kada a sa na hannu sam, domin ba a san tarihinsa ba, kuma wannan ita ce magana mafi inganci. Amma gaskiyar kasuwarmu ita ce yawancin masu hiyas wurin 'yan gwanjon kayan mota za su nufa, a Maraɗi ko Katsina ko Kano, don haka gara a san abin da za a duba. A nemi cikakken saiti daga mota iri ɗaya, har da ƙusoshinsa. A karanta ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin, mai ɗauke da alamar amincewa da bayanin ƙira. A guji wanda aka ciro daga motar da gabanta ya ragargaje, da wanda ya ƙage a tsuke kamar sanda, don wannan albarushinsa ya riga ya tashi. Idan mai kaya ya ce, “Alhaji, ɗauki, garanti ne,” a riƙe akwatin a tsaye a fizga a gabansa, sannan a karkata shi a ga ko zai kame.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ta fi wuyar amsawa: mene ne amfanin gyara bel biyu a motar da ke ɗauke da mutum 19? Da yawan hiyas ɗinmu a matsayin motar kaya suka shigo ƙasar, mai walda ne ya jera musu bencina, kuma babu ramin bel ko ɗaya a bayansu. Gaskiya ne gyaran gaba bai kare na baya ba. Sai dai direban da bel ya riƙe a kujerarsa bayan bugun farko, ko bayan taya ta fashe, yana nan da sitiyari a hannu, kuma duk na bayansa da shi suka dogara. Mai son sa wa bencina bel kuma ya sani ba a jikin bencin ake ɗaure shi ba, sai idan bencin kansa an kafe shi da ƙusoshi masu ratsa daɓen mota, da faranti mai kauri ta ƙasa. In ba haka ba, karo na zuwa bencin zai tuge ya tafi gaba da mutanen da ke ɗaure a jikinsa.