Sikelin Shiga Karatun Likita: Abin Da Ya Kamata Kowace Uwa Ta Sani

 

A wannan wata za mu duba wani al'amari da kan jefa gidaje da yawa cikin damuwa duk shekara idan lokacin ɗaukar ɗalibai a jami'a ya zo. Yarinya ta yi karatu tuƙuru, ta ci maki mai yawa a jarrabawar JAMB, an yi murna, har dangi sun fara kiranta "Dakta", sai sunaye su fito babu nata, ko kuma a ba ta wani fanni da ba ta nema ba. Nan da nan sai uwa ta ce ai don ba su da kowa a sama ne. Son kai dai yana nan a duniya, amma sau da yawa abin da ya faru shi ne uwa da 'ya sun zuba ido a kan awo ɗaya, alhali jami'a awo uku ko huɗu take haɗawa kafin ta yanke hukunci. Uwargida, idan kin san waɗannan ma'aunai da lokacin da ake gina kowannensu, za ki taimaki 'yarki tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Kowace mace da ta taɓa zuwa awon ciki ko ɗakin haihuwa ta san irin natsuwar da take samu idan ta tarar da likita mace. Malamai irin su Imam Gazali sun lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan babu wanda ya ɗauke shi a cikin al'umma, kowa ya yi laifi. Saboda haka shigar 'ya'yanmu mata wannan fanni aikin addini ne idan niyya ta gyaru.

Me ya sa ƙofar take da ƙunci?

Jami'a ba ta da ikon ɗaukar duk wanda ta ga dama. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Masu nema kuwa dubbai ne. Idan mutum dubu suna neman kujera ɗari, dole a jera su daga na sama zuwa na ƙasa, a yanke a inda kujeru suka ƙare. Shi ya sa makin da ya shigar da 'yar maƙwabciya bara ba lallai ne ya shigar da taki bana ba.

Awo na farko: sakamakon sakandare

Kafin a dubi komai, sai yarinya tana da kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, daga WAEC ko NECO. Makarantun likita da yawa suna sharaɗanta a samu biyar ɗin a zama ɗaya, wato ba za a ɗauko Fiziks daga NECO a haɗa da sauran daga WAEC ba, kamar yadda ake yi a wasu fannoni.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kiredit suna suka tara. Daga A1 har zuwa C6 duk kiredit ake kiransu, amma a jami'o'in da ke ba sakamakon sakandare maki, tazarar da ke tsakaninsu tana iya shigar da yarinya ko ta fitar da ita. Wannan awo kuma tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ake fara gina shi, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na sauran fannoni. Don haka ki bincika: makarantar da 'yarki take, akwai malamin Fiziks tsayayye? Ana shiga ɗakin gwaji ana taɓa kayan aiki da hannu, ko kuwa a allo kawai ake zana su? Tambayar da za ki yi a taron iyaye da malamai ke nan, tun yarinya tana SS1.

Awo na biyu: jarrabawar JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun 2015 jarrabawarta ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Mai neman likitanci darussa huɗu take rubutawa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kowanne maki 100, jimla 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, ma'ana kowace tambaya ba ta samun ko minti ɗaya cikakke. Yarinyar da ta san karatu amma ba ta saba da kwamfuta ba, ko ba ta saba amsa tambaya da agogo a gabanta ba, lokaci zai ƙare ya bar ta. Ki nema mata tsofaffin tambayoyi, ki sa mata agogo a gida, ki kuma ba ta dama ta je inda za ta koyi sarrafa kwamfuta tare da rakiyar muharrami ko yayarta.

Kada kuma ki ruɗu da makin da ake sanarwa a rediyo. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma wannan ƙasan tukunya ne ga dukkan fannoni. Likitanci yana can sama nesa da shi, domin a nan ne masu manyan maki suke cunkushewa.

Awo na uku: tantancewar jami'a

A 2005 ne aka ba jami'o'i dama su riƙa yi wa ɗalibai tasu jarrabawar bayan ta JAMB, wadda ake kira Post-UTME. Gwamnatin tarayya ta hana ta a 2016, sannan ta dawo da ita a 2017. Wasu jami'o'in jarrabawa suke yi, wasu kuma takardu kawai suke tantancewa su ba su maki. A nan ne yara da yawa suke sakin jiki, sun ga sun ci JAMB sai su rufe littafi su shiga hidimar biki da yawon dangi, alhali rabin aikin yana gaba.

Yadda ake haɗa lissafin

Kowace jami'a da nata tsarin, kuma takan bayyana shi a sanarwarta ta shekara. Jami'ar Ibadan, alal misali, tana raba abin biyu: rabi daga JAMB, rabi daga jarrabawarta. Jami'ar Legas kuwa ta daɗe tana ba JAMB kashi 50, jarrabawarta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. A tsarin nata ana raba makin JAMB gida 8, sannan A1 tana da maki 4, B3 tana da 3.2, C4 tana da 2.8, har zuwa C6 mai maki 2.

Bari mu ƙaddara yara biyu a wannan sikeli. Ta farko ta ci 320 a JAMB, an raba gida 8 ya ba ta 40. Darussanta biyar duk C4 ne, ta samu 14. Ta yi sakaci da jarrabawar jami'a ta ci 18 cikin 30. Jimla 72. Ta biyu 288 ta ci a JAMB, ya ba ta 36. Tana da A1 uku da B3 biyu, ta samu 18.4. Ta dage a jarrabawar jami'a ta ci 24. Jimla 78.4. Kin gani, wadda aka yi wa guɗa saboda 320 tana bayan wadda ta ci 288 da maki fiye da shida. Uwar ta farko za ta rantse an zalunci 'yarta, alhali lissafi ne kawai.

Rabon gurabe a jami'o'in tarayya

Bayan an jera ɗalibai, jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla ne ko daga ina ɗalibi ya fito, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin zamani, kuma mafi yawan jihohin Arewa suna cikinsu. Saboda haka zaɓen jami'a ma dabara ce. Yarinyar Kano ko Jigawa da ta sa Jami'ar Bayero zaɓin farko, ko 'yar Sakkwato da ta sa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana da ƙofofi fiye da ɗaya. Ku zauna da maigida ku duba wannan kafin a cike fom, kada a bar wa mai shagon intanet ya zaɓa wa 'yarku makoma.

Har ila yau, tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi. Sai an ɗora sakamakon sakandare a can, kuma idan gurbi ya fito sai yarinya ta shiga ta karɓa da kanta. Ki tabbata sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a lambar NIN da takardar WAEC da fom ɗin JAMB, kuma ta cika shekara 16. Ƙaramin saɓani a rubutun suna yakan jawo wahala mai yawa.

To, ina ganawar baki?

A mafi yawan jami'o'in gwamnati na Nijeriya alƙaluma ne ke yin magana. Amma a ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Kanada, maki yana kai ɗalibi bakin ƙofa ne kawai, intabiyu ce ke shigar da shi. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko, a dubi sakamakonsa, a dubi makinsa a jarrabawar MCAT wanda ke tsakanin 472 da 528, sannan a kira waɗanda suka yi fice a gana da su. A Ingila ana duba sakamakon babbar sakandare da jarrabawar UCAT kafin a kira ganawa.

A farkon shekarun 2000 Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da wani salo da ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Maimakon a zaunar da ɗalibi gaban mutum uku na tsawon lokaci, sai a jera ɗakuna, ya shiga kowanne na 'yan mintoci, a kowane ɗaki da alƙalinsa da matsalarsa. A wani ɗakin a ce ya sanar da wani labari maras daɗi, a wani a tambaye shi abin da zai yi idan ya ga abokinsa yana maguɗi. Hikimar ita ce kada ra'ayin mutum ɗaya ya yanke masa hukunci. Abin da ake nema kuwa shi ne sauraro, tausayi, gaskiya, riƙon sirri da iya bayani cikin natsuwa.

Uwargida, waɗannan halaye a gida ake koyonsu, a hannunki. Ko da jami'ar da 'yarki ke nema ba ta yin intabiyu, za ta tsaya gaban malamai a jarrabawar baki a gefen gadon maras lafiya kafin ta zama likita. Mu iyaye mukan haɗa kunya da rashin iya magana, alhali ba ɗaya ba ne. Yarinya tana iya zama mai kamun kai cikin hijabinta, kuma ta buɗe baki ta yi bayani a fili. Ki riƙa tambayarta ra'ayinta, ki bar ta ta gama magana, ki sa ta yi wa ƙannenta bitar darasi, ki tafi da ita dubiya ta ga yadda ake lallashin maras lafiya.

Hattara da gajeriyar hanya

Akwai cibiyoyin da ake biya a ba yara amsa ranar jarrabawa. Ban da kasancewarsa ha'inci da addini ya haramta, abin ba ya ɗorewa. Shekarar farko a jami'a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ake sake yi, kuma wanda bai kai matakin da aka gindaya ba ba ya wucewa aji biyu na likitanci. Karatun shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. A1 ta aro ba za ta ɗauki yarinya wannan tafiya ba, kuma rayukan mutane ne za a damƙa mata.

Idan ba a dace ba fa?

Kada ki yi mata gori, kada ki kwatanta ta da 'yar wance. Ku zauna ku duba wane awo ne ya yi rauni. Idan JAMB ce, ta sake. Idan sakamakon sakandare ne, ta sake zama ta gyara shi. Akwai kuma hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda mai sakamako mai kyau kan nemi shiga aji biyu kai tsaye da ita, duk da cewa guraben nan ma kaɗan ne. Masu tunanin ƙasar waje su tabbatar hukumar MDCN ta amince da makarantar, su kuma san cewa sai yarinya ta ci jarrabawar hukumar idan ta dawo kafin ta yi aiki. Mun ga yadda yaƙin Sudan na 2023 ya katse wa ɗalibanmu da yawa karatu, don haka a duba zaman lafiyar ƙasa kafin a tura 'ya. Sannan aikin jinya da ungozoma da harhaɗa magunguna da gwajin jini duk fannoni ne da matanmu ke matuƙar buƙatar 'yan uwansu a ciki.

Abu na ƙarshe, ki tabbata burin nata ne, ba naki kaɗai ba. Idan nata ne, ki rage mata aikin gida a watannin jarrabawa, ki nemi goyon bayan mahaifinta tun da wuri, ku yi maganar aure da karatu a fili tun kafin manema su zo, ki kuma dage da addu'a, domin bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.