Ɗaurin Kayan Fito a Damina: Maganganun Bakin Gulbi, Gaskiyarsu da Ƙaryarsu

Idan damina ta yi nisa, Gulbin Zamfara ya kawo, tafiyar da a rani ake yi a ƙafa ko a kan babur sai ta koma ta kwale-kwale. Magidanci a Tungar Guru ko wani ƙauye na Anka, Bukkuyum da Gummi, in zai kai iyalinsa biki ko kasuwa ko asibiti, kuma hanyarsa ta ratsa gulbi, tun da dare ake fara ɗaurin kaya. A wurin ɗaurin nan ne maganganu ke yawo: kaza ba shi da amfani, kaza ya wadatar, wane ya ce kaza. Wasu gaskiya ne, wasu rabinsu ne gaskiya, wasu kuwa sun ci rayuka. Ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024, jirgi ɗauke da manoma masu haye ruwa zuwa gonakinsu ya kife kusa da garin Gummi, rahotannin lokacin suka ce ruwa ya tafi da sama da mutum 40. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tsaya mu tsefe abin da muke gaya wa juna.

Mu fara da nauyi, domin a nan ne aka fi yaudarar kai. Ana cewa mutane ne ke cika jirgi, kaya kuwa ba sa motsi, don haka ba su da matsala. Wannan ƙarya ce. Jirgi bai san bambancin mutum da buhu ba, nauyi kawai ya sani. Babban buhun masara ko gero yana kai kilo 100, wato ya fi ƙato guda nauyi. Babur ɗin da ake turawa cikin jirgi ya haura kilo 100. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce. Iyalin da suka zo su shida da buhu biyu da babur, a wurin jirgi sun kai mutum goma. Jirgin da ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021 yana ɗauke da sama da mutum 150, ga kuma babura da sauran kaya, kuma kaɗan ne suka fita da rai.

Abin da ke gaskiya a maganar shi ne, wurin da aka ajiye kaya yana da muhimmanci ƙwarai. Kaya masu nauyi a ƙasan jirgi kuma a tsakiya suke so, a ɗaure su yadda ba za su zame gefe guda ba. Idan aka jibga su sama, aka kuma zaunar da mutane a kan buhuna, jirgi zai riƙa rawa da ɗan motsi kaɗan. Haka nan wanda ya miƙe tsaye a tsakiyar ruwa don gyara ɗauri ko amsa kira. Kafin ka shigar da 'ya'yanka, dubi bakin jirgin. In ruwa ya kusa shafarsa tun ana gaɓa, to a tsakiyar gulbi ruwan zai shiga. Kayan biki, su katifa da akwatuna da buhunan gara, a yi musu sawu dabam, ko da kuɗin fito zai ninku.

Wasu na cewa babban jirgi ba ya kifewa. Girma ba ya hana. Jirgin Le Joola na ƙasar Senegal na ƙarfe ne, mai hawa-hawa, amma ya kife a watan Satumban 2002 da mutane fiye da ninki uku na adadin da aka ƙera shi ya ɗauka, sama da 1,800 suka rasu. Hatta manyan jiragen yawon shaƙatawa da ke ratsa teku da dubban fasinjoji, dokar duniya ta wajabta musu tanadar rigar kariya ga kowane rai, da nuna wa kowa yadda ake sa ta a farkon tafiya. Tun bayan nutsewar Titanic a 1912 aka fara kafa irin waɗannan dokoki. In jirgin da ya kai unguwa girma bai amince da ruwa ba, ina ga namu na katako?

Wannan ya kawo mu kan rigar kariya, wadda ta fi komai shan suka kuma ta fi komai amfani. Ana cewa tana shaƙe mutum, tana hana shi iyo, har wasu na cewa ita ce ke jan mutum ƙasa. Cewa tana ja ƙasa ƙarya ce tsagwaronta, domin abin da ke cikinta ya fi ruwa sauƙi, aikinsa ɗago mutum. Amma akwai inda maganar ta samo asali, kuma ya kamata a faɗa. Rigar da ta yi wa mutum yawa, ko wadda aka rataya ba a ɗaure igiyoyinta ba, da an faɗa ruwa sai ta taso ta rufe fuska, ko ta zare gaba ɗaya. Tsohuwa wadda ta yage, sosonta ya mutu, ba ta da sauran amfani. Rigar babba kuwa a jikin yaro haɗari ce, don zai sulale ta ƙasa ya bar ta. Gwajin mai sauƙi ne: a sa wa yaro, a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga. In ta haura kunnuwansa, ba tasa ba ce. Kuma tun a tudu ake sa ta. Wadda aka cusa cikin buhu da niyyar a ciro in abu ya faru, ba za a sami zarafin ciro ta ba, domin kifewar jirgi ba ta ɗaukar minti guda.

Sai mai cewa, ni ai ɗan bakin gulbi ne, na iya ruwa. Iya iyo alheri ne, kuma ya kamata a koya wa yara maza da mata a wuri mai aminci da ido a kansu. Sai dai iyon wanka dabam, na ranar haɗari dabam. Ruwan ambaliya yana da ƙarfi, ya yi jawur ba a ganin komai, yana ɗauke da rassa da kututture. Jirgin da ya kife na iya bugun mutum a ka. Abin da ya fi wannan ciwo, wanda bai iya ruwa ba yakan cafki na kusa da shi da ƙarfin firgita, su tafi tare. Gwanaye da yawa ta haka aka rasa su. Ko masuntan Argungu, waɗanda ruwa ne sana'arsu tun kaka da kakanni, da gora suke shiga.

To jarka fa, ko goran, ba za su maye gurbin riga ba? A nan rabin maganar gaskiya ce. Jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa, har ƙarfin ɗagawarta ya fi na riga. In babu riga, shiga jirgi da ita ya fi shiga hannu rabbana, kuma jefa ta ga wanda ruwa ke ci ya fi faɗawa a bi shi. Matsalarta ita ce sai an riƙe ta. Hannu yana gajiya, yaro ba zai iya ba, wanda ya suma kuwa ya sake ta ke nan. Ɗaure ta a ƙugu ko a baya kuskure ne babba, don tana iya ɗago ƙafafu ta dulmiya kai. A ɗauke ta a matsayin taimako, kada a ce ta wadatar.

Akwai maganar da na fi so iyaye mata su tsaya a kanta, ita ce ta goyo. Kowa ya yarda babu inda jariri ya fi samun aminci kamar bayan uwarsa, kuma a tudu haka ne. A cikin jirgi abin ya juya. Uwar da ta faɗa ruwa za ta yi ta ƙoƙarin ɗago fuskarta ta sami iska, duk lokacin da ta ɗago kuwa bayanta ke nutsewa, can ne kuma jaririn yake. Zani da majanyi da suka jiƙe ba sa kwantuwa da sauri, mai ceto ma ba zai iya raba su cikin gaggawa ba, ga shi rigar kariya ba ta zama daidai a kan goyo. Don haka kafin a taka jirgi a sauke yaro, a riƙe shi a cinya ta gaba, da 'yar rigarsa in an samu. Kowane ƙaramin yaro a ba shi babba guda da ya san shi ne alhakinsa, kada a tara yara huɗu a hannun uwa ɗaya mai gida yana can wajen babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa yana cin kimanin mutum 300,000 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A haɗarin Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu tafiya Mauludi.

Ana kuma cewa hijabi da babbar riga ke jan mutum ƙasa. Jiƙaƙƙen tufafi a cikin ruwa ba shi da nauyin da ake zato, illarsa ita ce nannaɗe hannu da ƙafa da rufe fuska. Ba sai mace ta cire suturarta ba. Ta zaɓi matsakaicin hijabi ranar fito, ta tattare shi, ta ɗora rigar kariya a sama ta ɗaure. Maza kuma a ninke babbar riga a sa a jaka, sai an haye.

Cewa wayar salula tana jawo tsawa ba shi da tushe. Abin tsoro shi ne zama a tsakiyar ruwa hadari ya taso, da waya ko babu. Wayar ma ita ce za ta kira taimako, don haka a cika mata caji, a ɗaure ta cikin leda biyu tare da katin ɗan ƙasa, katin awo, katin rigakafin yara, magani da kuɗi, a sa a jiki, kada a sa cikin akwati. Cewa ruwa mai gudu ba ya ɗauke da cuta shi ma ba gaskiya ba ne. Ambaliya tana wanko bayan gida da mushe, kuma amai da gudawa ba baƙo ba ne a Zamfara lokacin damina. A tafi da tafasasshen ruwa daga gida da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti.

Game da tafiyar dare, ana cewa ruwa ya fi kwanciya, ga sanyi, ga rashin cunkoso. Ko da ya kwanta, matuƙi ba ya ganin kututture, kuma in abu ya faru babu mai ganinku balle ya kawo ɗauki. A watan Yunin 2023, sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana fiton dare da lodi fiye da ƙa'ida, ta kuma wajabta rigar kariya, kuma dokar ba ta mutanen Legas kaɗai ba ce, ta shafi kowa. Na san a yankinmu akwai daren da ba zaɓi, 'yan bindiga sun taso gari, gulbi ne kaɗai mafita. Wanda ya tsinci kansa a haka ba a zarginsa da komai. Amma ko a irin wannan dare, barin buhu a gaɓa don yaro ya sami wuri, da yin sawu biyu in hali ya yi, shi ke raba tsira da asara.

Masu cewa gulbi yana da rabonsa duk shekara, ko mutanen ruwa ne ke karɓar nasu, su dubi haɗuran da muka lissafa. A cikinsu za a tarar da abin da ido ke gani: lodi, dare, tsohon jirgi, rashin riga. Ƙaddara gaskiya ce, addu'ar shiga jirgi kuma kada a bar ta. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma wanda ya ga jirgi ya sha kaya ya tura 'ya'yansa ciki, amanar da aka ba shi ce ya yi wa sakaci.

Saura abu guda da ba a ɗaurewa a buhu, wato sanin abin yi in an tsamo mutum. Al'adar danna ciki ko juya yaro kai ƙasa don ruwa ya fito ɓata lokaci ce, tana iya sa amai ya koma huhu. Iska yake bukata. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30, hurawa sau 2, ba tsayawa. In yana numfashi, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi asibiti, domin huhun da ya sha ruwa yana iya rikicewa bayan sa'o'i.

A 2025 Ma'aikatar Harkokin Ruwa ta Tarayya ta ƙaddamar da rabon rigunan kariya 42,000 a Minna. Abu ne mai kyau, amma adadin bai kai ko kusa da yawan masu fito ba, kuma iyalin da za su haye gobe ba za su jira rabo ba. Kira nake ga masu unguwanni da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matasa na Anka, Bukkuyum da Gummi: a yi karo-karo a sayi riguna, har da na yara, a ajiye su a kowane mashigi a hannun amintacce, a kuma tsayar da adadin da kowane jirgi zai ɗauka, a rubuta a jikinsa. Kai kuma magidanci, in ka iso gaɓa ka ga jirgi ya cika, ka ce wa mai fito, "Baba, ku je, mu ma bi na gaba," ka zaunar da iyalinka a inuwa.